Shekarun Da Aka Rubuta Inna Ba Ta Aiki

Ina aji uku a firamare masu tambaya suka fara zuwa garinmu, wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Kebbe, kusa da Fakku. Haka muke kiransu, masu tambaya, don ba mu san musu wani suna ba. Maza biyu ne a kan babur ɗaya da jaka cike da takardu, ɗan aiken mai gari yana gaba yana nuna musu hanya. Ba kowane gida suke tsayawa ba. Sukan tsallake biyar ko shida su tsaya a ɗaya, su rubuta lamba da jan fenti a jikin zaure. Namu yana cikin waɗanda aka zaɓa. Sun ce za su riƙa dawowa duk shekara bayan kaka su tambayi waɗannan gidajen dai, don a san yadda mutanen karkara suke rayuwa: aikin da suke yi, bashin da ke kansu, wa ya tafi ci-rani, wa ya dawo.

Baba ba ya nan ranar. Da ma tun kafin in yi wayo yake tafiya kudu yin dako a kasuwar albasa da zarar an kammala girbi, ya dawo da ruwan farko. Daga baya dawowar ta fara ja da baya. Wata shekarar sai an yi noman farko za mu gan shi, wata kuma bai zo ba sam, sai dai saƙon baki da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba na zarginsa. Na ga tafin hannunsa, na ga yadda yake dafa ƙugu kafin ya miƙe.

Tunda maigida ba ya nan, kuma baƙin maza ba sa shiga cikin gida, sai aka kira Baffa, wan Baba, wanda gidansa ke manne da namu. Shi ya shimfiɗa musu tabarma a zaurenmu, shi ya amsa tambayoyin. Shekara ta zagayo suka dawo, shi ya sake amsawa. Haka abin ya zauna. In sun gama sukan ba da sandar sabulu biyu ta godiya, Baffa ya sa a aljihu ya wuce gidansa.

A daidai lokacin da ake wannan hira a zaure, Inna tana bayan katanga, taku goma sha biyar tsakaninsu, tana fama da wuta. Sana'arta gumi ce. Takan sayi shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba, daga manoman fadama, ta jiƙa ta kwana, ta turara a rabin ganga, ta shanya a tsakar gida, a kai inji, ta dawo ta bakace, ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata dattijuwar dillaliya ce ke kai mata kasuwa. Tun kiran sallar asuba take tashi. Idonta kullum ja ne saboda hayaƙi, gashin hannunta duk wuta ta lashe. Da dusar take kiwon raguna biyu a turke har zuwa layya. Gonar Baba ma, a shekarun da bai zo ba, ita ke sallamar masu ƙodago. Daga wannan rabin gangar aka saya mini littafi da takalmi har na gama sakandare, daga ita na shiga kwalejin horon malamai. Ni da ƙannena mata biyu ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma duk wanda ke garin nan ya san dalili.

Ban taɓa tunanin abin da Baffa yake faɗa a zaure ba. Yarinya ce ni, kuma maganar manya ce.

Bayan na gama kwaleji ina zaman jiran aiki, sai aka sanar cewa masu tambaya suna neman mata masu karatu. Shekara goma sha uku ke nan suna zuwa, sai a bana ya faɗo musu cewa ya kamata a shiga cikin gida a ji ta bakin mata. Na nema, aka ɗauke ni. An tara mu a wani ɗakin taro a Tambuwal kwana shida ana koya mana aikin. Takarda ta wuce, yanzu na'ura ce mai kama da babbar waya, kuma duk amsoshin shekarun baya suna cikinta. Kana buga lambar gida sai tarihinsa ya fito.

Ranar ƙarshe mai koyar da mu ya ce kowa ta buga kowace lamba ta gwada hannunta. Lambar da na taso ina gani a jikin zaurenmu ita ta zo mini. Na buga.

Sunan Baba ya fito a sama: maigida, manomi, yana ci-rani, zai dawo da damina. Abin da gida ya dogara da shi: aiken maigida. Bashi: babu. Sai sunan Inna a layi na biyu. Matar aure. A gurbin sana'a an rubuta, ba ta aiki.

Na ɗauka kuskuren shekara ɗaya ne. Na koma bara, haka. Na koma bara waccan, haka. Na yi ta ja da yatsa har na kai shekarar farko, ina aji uku. Sau goma sha uku aka rubuta ba ta aiki. Har a shekarar da Baba bai aiko da ko sisi ba saboda yana kwance buhu ya faɗo masa a baya, an rubuta da aikensa muke ci. Kuma bashin da aka ce babu, na san duk kaka Inna takan ɗauki shanshera a hannun manoma sai ta sayar ta biya, wannan ne ma ke hana ta barci in kasuwa ta faɗi.

Wadda ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "Lafiya? Kin yi wani iri."

Na ce lafiya lau. Na kife na'urar a cinyata don kada ta ga abin da ke ciki.

Doka ta hana a tura mutum garinsu, don haka aka sa ni a ayarin da zai yi Sanyinna da kewaye. Gidan farko da na shiga, na tarar da wata mata tana matsar gyaɗa, mai yana tsiyaya cikin kwano, ga ƙuli-ƙuli tuli a faranti. Na'ura ta ce ba ta aiki. Na gaishe ta, na zauna, na karanta tambayar yadda aka rubuta mana ita: "Kina da aiki?"

Ta yi dariya, hannunta dumu-dumu da tunkuza. "Wane aiki, ɗiyata? Ni ban yi boko ba."

Nan na gane rabin ɓarnar. A wurinta aiki shi ne na albashi, na masu zuwa ofis. Wanda ya tsara tambayar bai san haka ba, waɗanda suka fassara masa kuwa sun sani sarai, ba su damu ba ne. Sai na ajiye tambayarsu na yi tawa. Na ce, "Inna, mi kinka yi jiya tun da kinka tashi?"

Sai da ta yi kusan rabin awa tana lissafi. Shekararta ashirin da wani abu tana wannan sana'a. Da ita ta aurar da 'ya'ya uku. Mijinta yana kudu yana gadi.

Na goge abin da ke ciki na rubuta abin da ta faɗa. Na'urar ta nuna jan rubutu, wai amsar ta saɓa da ta bara, in tabbatar. Na tabbatar. Gida na gaba mai daddawa ce. Na gaba da shi mai keken ɗinki. Akwai wadda da gaske ba ta yin komai saboda ciwon ƙafa, ita na bar ta yadda take. Sauran duk na gyara, kuma duk gyaran da na yi sai in ji raina ya ƙara ɓaci maimakon ya yi sanyi.

Kwana huɗu da fara aiki shugaban ayarinmu ya aiko in same shi a Dogon Daji, inda ya sauka. Bayan la'asar na isa, na tarar da shi a ƙarƙashin darbejiya da kwamfuta a kan benci. Mutum ne mai fara'a, ya daɗe a aikin, kusan tun farkonsa. Ya sa aka kawo mini ruwa.

Ya ce, "Malama, aikinki yana da tsabta. Amma gida goma sha ɗaya kika shiga, a takwas kin canza amsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da na tarar na rubuta."

"Na sani. Amma ki fahimci yadda aikin yake. Waɗanda suka ba mu shi so suke su jera bana kusa da bara su ga abin da ya motsa. In bara mace ba ta aiki, bana kuma tana da sana'ar shekara ashirin, me za su ce? Ko mun yi ƙarya a da, ko yanzu muke yi."

"To ai an yi ƙaryar a da."

Fara'ar ta ragu. Ya ce ba ƙarya ba ce, abin da masu gida suka faɗa aka rubuta. Na ce masa shekara goma sha uku suna zama a zaure, ba su taɓa jin ƙarar taɓarya ba? Ba su taɓa ganin hayaƙi ba? Ba su taɓa shaƙar ƙanshin man gyaɗa sun tambayi daga ina ba? Na ce masa shi kansa wace ce ta biya masa kuɗin makaranta. Wannan ban so na faɗa ba, amma ta riga ta fita.

Ya mayar da ido kan kwamfutarsa. Can ya ce, "Hanya biyu ce. Ko ki mayar yadda yake, ko ki sa cewa a bana suka fara sana'ar. In kin sa haka na'ura ba za ta yi ƙorafi ba, kowa ya huta."

Na ce, "Ba a bana suka fara ba."

"Ki yi tunani. Mutum nawa ke cin abinci a aikin nan? In aka ce bayananmu na baya ba su inganta ba, rufewa za a yi. Ke bana kika zo."

Na ce ba zan taɓa ko ɗaya ba. Ya ce to, ba komai, in koma bakin aikina. Yadda ya faɗi ba komai ɗin ya sa na gane cewa shi zai taɓa da kansa, kuma ba ya bukatar izinina.

Ranar Juma'a aka ba mu hutu na tafi gida. Na sami Inna tana juya shinkafa a shanya da ƙafa. Ko mayafi ban cire ba na zayyana mata komai. Na yi zaton za ta fusata. Sai ta ci gaba da juyawa, ta ce, "To mi? Takardarsu ka ba ni abinci?"

Na ce, "Inna, cewa anka yi zaune kike."

"Su ce."

Na ce an rubuta Baba ke ciyar da mu, har a shekarar da yake kwance. A nan ƙafarta ta tsaya. Ta ce, "Shekarar da na sai da ragunan nan biyu tun ba su yi ƙiba ba na aika mai kuɗin magani?"

Na ce ita.

Ta ce, "Wa yaf faɗi haka?"

Ta san amsar, ni ma na sani. Ta bar shanyar ta shige ɗaki. Ni kuwa na fita.

Baffa yana ƙofar gidansa a kan buzu yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka saba, ya tambayi aiki, ya sa mini albarka. Sannan na ce, "Baffa, na ga abin da kaka faɗa wa masu tambaya."

Bai yi musu ba. Ya ce, "To?"

"Don mi ka ce Inna ba ta aiki?"

Ya ajiye carbin. "Ke yarinya ta. So kike in zauna gaban baƙi in ce mace ka ciyar da gidan ƙanena? In ce shina can shina dako bai iya aiko da kwano guda? In ce ana bin gidanai bashi? Asirin ubanki na rufa."

Na fahimci abin da yake nufi, kuma fahimtar ba ta rage mini komai ba. Ya rufa asirin ƙanensa da bayan uwata. Na ce, "Baffa, akushin da aka kawo maka kullum da maraice, daga wace tukunya shika fitowa?"

Tun da matarsa ta rasu Inna ce ke aika masa tuwo. Ban taɓa jin ta ambata ba ko sau ɗaya. Ni ce na ambata, a ƙofar gidansa, mutane suna wucewa. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya ɗauki buzunsa ya shiga ciki.

Da maraice aka kai akushi, aka dawo da shi ba a buɗe ba. Inna ta tsare ni a bakin murhu ta yi mini faɗan da ba ta taɓa yi mini ba. Ta ce karatun da ta ƙona hannunta a kai ba don in je in yi wa wan ubana gorin abinci ba ne. Ta ce in ta so gori tana da baki. Ta sa na koma na ba shi haƙuri, na je na durƙusa na bayar, ya ce ya yafe. Amma sai da aka yi kusan wata biyu akushin yana zuwa yana dawowa kafin ya fara ci. Har yau ina jin kunyar wannan maganar, kuma har yau ban daina jin haushinsa ba. Dukansu biyu suna nan tare.

Mako biyu bayan haka wani ayari ya isa garinmu. Wata ƙawata da muka yi horo tare ita ta shiga gidanmu. Ta ba ni labari cewa Inna ta shimfiɗa mata tabarma kusa da ganga, ta ce, "Zauna nan inda hayaƙi ka zuwa, ki rubuta da kyau." Ta lissafa mata komai, har da sunayen manoman da take ɗaukar shanshera a hannunsu. Ƙawata ta rubuta duka.

Da aka gama zagayen aka biya mu, aka ce za a neme mu baɗi. Ba a neme ni ba. Ƙawar tawa an riƙe ta a ofis tana taya su tace bayanai, ita ce ta kira ni wata rana ta ce ta duba lambar gidanmu. An bar sana'ar Inna. Amma a gurbin da ake tambayar yaushe aka fara, an sa bana. Matan Sanyinna ma haka, mai ƙuli, mai daddawa, mai ɗinki, duk a bana suka fara.

Na zauna a bakin gado da waya a hannu. Wato wani zai zauna a wani ofis mai sanyi da ban taɓa gani ba, ya buɗe wannan, ya ga cewa a shekara ɗaya matan karkara sun farka sun kama sana'a. Zai yi murna. Wataƙila ma ya nemo dalili ya ce wani shiri ne ya farkar da su. Ƙaryar farko ta ce uwata zaune take. Ta biyu ta ce sai da aka zo aka tashe ta. Ban san wadda ta fi ci mini rai ba.

Na rubuta takardar ƙorafi shafi biyu na kai ofishinsu na Tambuwal. Wani ya karɓa ya ce za a duba. Na koma sau biyu. A na biyun na tarar sun tashi daga ginin.

Shekara biyu bayan haka Baba ya dawo gaba ɗaya. Bayansa ya ƙi, ba ya iya ɗaga ko bokiti. Ni kuma na sami koyarwa a wata firamare ba nisa da gida. Bayan kaka sai ga masu tambaya. Maza ne zalla. Ashe shiga wurin mata na zagaye ɗaya ne, an ce babu kuɗin ci gaba da shi. Ina gida ranar, na tsaya a bayan ƙofar zaure.

Mai tambayar ya ga maigida da kansa ya yi murna, ya ce yau an huta da wakili. Ya fara: buhu nawa aka samu a gona, me aka sayar, me gida ya dogara da shi.

Baba ya ce, "Malam, ni baƙo na gidan ga. Shekara nawa ba ni nan. Ka tambayi mai shi, tana ciki."

Mutumin ya ce ƙa'ida ita ce maigida ke amsawa, kuma shi ba zai iya shiga ba.

Baba ya ce, "To karanto."

Ya karanta tambayar farko. Baba ya juya ya fuskanci cikin gida, ya ɗaga murya ya maimaita ta. Inna ta amsa daga bakin murhu. Baba ya juyo ya faɗa wa mutumin abin da ta ce, kalma da kalma, duk da cewa ya ji da kunnensa. Tambaya ta biyu, haka. Hirar da ake gamawa cikin rabin awa sai da ta kai su azahar. Mutumin ya yi ta duba agogo, ya ce ko za a taƙaita. Baba ya ce shi ba ya sauri.

Da aka zo kan sana'ar Inna, mutumin ya duba na'urarsa ya ce, "An nuna nan shekara biyu ke nan da ta fara."

Baba bai juya ciki ba a wannan karon. Ya ce, "Da gangar nan na iske ta sa'ad da na dawo ci-ranina na huɗu. Babbar ɗiyarmu tana goye. Ga ta can bayan ƙofa, malamar makaranta ta yanzu. Ka lissafa."

Mutumin ya ɗan danna wani abu. Na leƙo don in gani, ya karkatar da na'urar, ya ce bayanan sirri ne, ba a nuna wa kowa. Na ce masa gidanmu ne. Ya ce ya sani, amma haka dokar take. Ya tattara kayansa ya yi sallama ya hau babur.

Ban san abin da ya rubuta ba. Baba ya nemi in kama shi ya miƙe, na kama shi, muka shiga ciki a hankali.